Yadda za ka sa gishiri ya sāke siffa: jagora ga malaman kimiyya da iyaye a Zangon Kumasi

Wata ɗalibata 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare ta tare ni da tambaya ranar da muke darasin ma'adinai. Na ce musu ɓawon ƙwai da dutsen da ake ƙonawa a yi siminti sinadari ɗaya ne, kalsiyam kabonet. Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to me ya sa kaza ba ta saka dutse?" Aji ya fashe da dariya, amma tambayar ta fi ƙarfin amsar da ke littafinmu. Kaza tana gina ɓawon nan cikin awa 20 ko kusa da haka, ba wuta ba guduma. Abin da ke hannunta furotin ne, wato sinadaran da jiki mai rai ke ƙerawa, kuma su ke gaya wa ma'adinin inda zai fara da inda zai tsaya.

Wannan magana ba ta shiga kan yaro da baki, sai ya gani. Ga yadda muke nuna ta da kayan da ake samu tsakanin Aboabo da Kejetia.

Ka fara da duba wata

Karo na farko na yi gwajin gishiri a watan Yuni, na jera kofuna a taga, mako uku ko ƙwaya ɗaya ba ta fito ba. Ruwan ma ƙaruwa ya yi. Na zargi gishirin, na zargi yaran da ƙara ruwa a ɓoye, ashe laifin damina ne. Idan laimar iska ta wuce kashi 75 cikin 100, ruwan da ya ƙoshi da gishiri ba ya bushewa, shi ke jan ruwa daga iska. Kowace mai girki a Kumasi ta san haka, don ta ga gishirinta ya jiƙe a kwano lokacin damina. Idan kuma aka haɗa gishirin da takin yuriya, kamar yadda za mu yi a wannan gwaji don mu sāke masa siffa, jan ruwan ya fi haka muni.

Saboda haka gwajin gishiri na hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu. Wanda jadawalin makaranta ya tilasta masa yi da damina, ya nemi bokitin roba mai murfi, ya tara 'yan ƙunshin silika da ke zuwa cikin kwalin takalmi da na magani, ya shanya su a kasko da wuta kaɗan, ya zuba a gindin bokitin, ya jera kofunan a ciki ya rufe. Duk kwana uku a sake gasa silikar. Yana yi, sai dai da jan rai.

Kayan aiki

Gishiri mai tsakuwa, irin na Ada da ake aunawa a kasuwa, ya fi na leda. Na leda sau da yawa ana sa masa maganin hana dunƙulewa, kuma wannan magani aikinsa ke nan, ya hana ƙwayar gishiri girma yadda ta saba. Ka ga ya riga ka shiga gwajin. Sai takin yuriya daga masu sayar da kayan noma, farin nan mai rubutun 46 a jikin buhu, rabin gwangwanin madara ya isa. Sai fiya wata, leda biyu ko uku, kowace mililita 500 ce. Kofunan gilashi masu faɗin gindi guda huɗu, sirinji mai mililita 10 ba allura, farin ƙyalle ko takardar tata, ƙaramin sikeli na dijital, da madubin ƙara girma. Kyamarar waya ma tana yi idan aka matso da ita aka sa baƙin ƙyalle a ƙasa.

Sikelin kada a yi wasa da shi. Cokali yana ruɗi, don gishiri mai tsakuwa da mai laushi ba su cika shi daidai.

Mataki na farko: wanke gishirin

Gishirin teku yana zuwa da laka da ɗan magnesiyam. Ka narkar da giram 200 a ruwa mililita 500, ka juya har ya daina narkewa, ka bar shi ya kwana, ka tace na saman. Ka zuba a faffaɗan faranti ka ajiye a inuwa. Ƙwayoyin da suka fara fitowa su ne masu tsabta. Ka kwashe su kafin ruwan ya ƙafe, ka zubar da sauran ruwan mai ɗaci. Da waɗannan za ka yi aiki. Wanda ke sauri yana iya tsallake wannan ya tsaya a tata kawai, amma ƙwayoyinsa za su fito da hazo.

Mataki na biyu: kofuna huɗu

Kowane kofi a sa masa ruwa mililita 100. Na farko ba a sa masa yuriya ko ƙwaya ɗaya. Na biyu giram 5, na uku giram 15, na huɗu giram 30. A juya har ta narke. Za ka ji kofin ya yi sanyi a hannu, haka yuriya take idan tana narkewa. A rubuta lamba a jikin kofin tun kafin a zuba komai, don bayan minti biyar duk ruwan kamarsu ɗaya.

Bayan yuriyar ta narke ne ake sa gishiri, ba kafin nan ba. Ruwa mililita 100 yana ɗaukar gishiri kusan giram 36, don haka ka zuba 40 a kowane kofi, ka yi ta juyawa, ka bar shi ya kwana. Da safe dole ka ga saura a gindi. In babu, ƙara. Saura a gindi shi ne shaidar ruwan ya ƙoshi. Kada ka wahalar da kanka da tafasa ruwa: gishiri ba kamar sukari ba ne, tafasasshen ruwa bai wuce ya ɗauki giram 39 ba.

Sai a tace kowanne cikin wankakken kofi, a bar ragowar gishirin a baya. A rufe da takarda mai 'yan huji, don ƙurar hunturu kowace ƙwayarta mazauni ce da kiristal, wato ƙwayar gishiri, zai fara a kai, sai ka tashi da garin gishiri maimakon manyan ƙwayoyi. A ajiye su wuri ɗaya, inda rana ba ta bugawa kuma ba a jijjiga teburin. Saman kabad ya fi taga.

Kofin farko, wanda ba a sa wa komai ba, shi ne wanda yara ke rainawa. Sukan ce ɓarnar kofi ne. Ni kuwa in aka ce in zubar da ɗaya, shi ne na ƙarshen da zan taɓa, domin in babu shi ba ka da abin da za ka ce "ya canza daga".

Mataki na uku: jira da karatu

Cikin kwana uku zuwa goma ƙwayoyi za su bayyana a gindin kofi. Waɗanda ke yawo a saman ruwa ka kwashe su ka ajiye gefe, sukan fito da rami kamar matakala saboda sun yi saurin girma. Na gindi ake so. Idan sun kai girman ƙwayar gero ko dawa, a ciro su da hantsaki, a goge nan take da takarda mai tsotse ruwa. Kada a jira ruwan ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku, domin yuriyar tana ƙara kauri yayin da ruwa ke tafiya, har ta kai ta fara fitowa ita ma ta dagula lissafi.

Na kofin farko za su fito kamar dunƙulen Maggi: fuska shida, kusurwa takwas. A kofi na biyu da na uku ka duba kusurwoyin da kyau, za ka fara ganin kamar an yanke su da reza, wata 'yar fuska mai gefe uku ta fito. A inda yuriya ta yi yawa, waɗannan fuskoki masu gefe uku su ke cinye sauran, a tashi da ƙwaya kamar dala biyu da aka haɗa gindinsu: fuska takwas, tsini shida. Ba kowace ƙwaya ce ke cika siffar ba, wadda ta kwanta a gindin kofi takan fito a baje kamar alwatika mai kauri. Ka sa yara su ƙirga: cikin ƙwaya 20 na kowane kofi, nawa ne ke da yankakkiyar kusurwa?

Wani masanin ma'adinai Bafaranshe, Romé de l'Isle, ya rubuta wannan tun 1783, kuma shi da fitsari ya gani, domin yuriya ce babban abin da ke narke a cikinsa. Na kan ɓoye wannan labari sai an gama gwaji, don na san abin da yaran aji biyu za su yi da shi.

Abin da ke faruwa a cikin kofin

Nan ne wurin da ya kamata malami ya zauna, don nan ake yin kuskure. Yawancin yara, har da manya, suna ɗauka fuskar da ta fi saurin girma ita ce za ta fi faɗi. Akasin haka ne. Fuskar da ke gudu tana tsukewa har ta zama tsini ta ɓace. Wadda ke tafiyar hawainiya ita ke saura, ita ido ke gani.

Ka yanko doya ko sabulun wanki mai kusurwa huɗu, ka gyara shi ya zama kamar ɗan ludo. Ka sare kusurwa ɗaya da wuƙa, ga 'yar alwatika ta fito. Yanzu ka tambayi aji: idan aka yi ta liƙa yanka a kan wannan alwatika da sauri, sauran fuskokin kuma suna nan yadda suke, me zai faru? Kowane sabon yanka ya fi na bayansa ƙanƙanta, har a koma tsini. To idan alwatikar ce ta tsaya cik, manyan fuskokin shida suka ci gaba da hawa? Su ne za su tsuke, alwatika ta yi ta faɗi. Ka ci gaba da sare kusurwoyin takwas har fuskokin shida na farko su ɓace, doyar da ke hannunka ta zama siffar kofi na huɗu.

Saura dalilin da ya sa yuriya ta zaɓi kusurwa. Gishiri sodiyam ne da kuloraid, ɗaya mai caji na ƙari ɗaya na ragi. A fuskar ɗan ludo an jera su kamar allon daram, baƙi da fari bi da bi, kowa ya kashe ƙishin maƙwabcinsa, fuskar ta zauna lafiya. A fuskar alwatika kuwa layi guda duk sodiyam ne, na ƙarƙashinsa duk kuloraid. Irin wannan fuska ba ta da natsuwa, tana fizgo duk abin da ya gifta, shi ya sa take gudu ta ɓace a ruwan gishiri zalla. Yuriya tana da ɓangaren da ke manne wa irin wannan fuska mai caji, sai ta zauna a kai, sodiyam da kuloraid da ke zuwa su tarar an tare wuri. Wanda ya taɓa hawa matakalar kasuwa ranar da masu talla suka baje kaya a kai ya san yadda mutum kaɗan ke tsayar da taro.

Yuriyar ba ta sassaƙa komai ba, ba ta kuma zama gishiri ba. In ka narkar da ƙwayar nan mai fuska takwas a ruwa mai tsabta ka sake shanyawa, ɗan ludo zai dawo. Wannan gwaji ne na kwana huɗu kuma ya cancanci a yi shi.

Mataki na huɗu: garin POP da lemun tsami

Wannan ba ruwansa da damina, kuma cikin darasi ɗaya ake fara ganin sakamako. Garin POP da ake silin da shi jifsam ne, wani ma'adini mai kalsiyam, da aka gasa ya rasa kashi uku cikin huɗu na ruwansa. In ka kwaɓa shi, yana mayar da ruwan, jifsam ya sake fitowa a siffar siraran allurai da ke sarƙewa da juna. Sarƙewar nan ita ce ƙarfinsa.

Ka auna giram 50 sau huɗu a kofunan roba. Kowanne zai sha ruwa mililita 35. Ruwan lemun tsami yana da sinadarin sitirik kusan kashi 5 cikin 100, wato mililita ɗaya tana ɗauke da kamar giram 0.05, kashi ɗaya cikin dubu na nauyin garin. Kofin farko ruwa zalla, na biyu a sa lemu mililita 1, na uku 2, na huɗu 5, a rage ruwan daidai abin da aka ƙara don jimlar ta tsaya 35. A sa lemun cikin ruwa tukuna, sannan a barbaɗa garin, a juya na minti ɗaya, a danna agogo. Duk minti biyar a soka tsinken sakace, a rubuta lokacin da ya daina shiga. A riƙa taɓa bayan kofin ma, don yana ɗumi lokacin da alluran ke fitowa, kuma za ka ji ɗumin yana makara daga kofi zuwa kofi.

Sitirik yana da hannuwa uku masu kama kalsiyam. Yana zama a bakin allurar, can inda take tsawo, sai ta kasa miƙewa, ta fito gajera mai kauri. Gajeru ba su sarƙewa kamar dogaye. Bayan kwana uku ka ɓare kofunan ka gwada karya su ko kankare su da ƙusa, za ka ji na lemu da yawa ya fi saurin marmashewa.

Na nuna wa wani maƙwabcinmu mai aikin silin waɗannan dunƙule huɗu. Ya murza na huɗun da yatsa ya ce, "Malam, ai mu mun san akwai abin da ake sawa ya ba ka lokaci, amma ban san bashi ake ci ba." Na ce, "Masta, bashi ne, kuma silin ke biya." Masu siminti ma suna da irin wannan da sukari: ɗan kaɗan yana jinkirta kamawa, in ya yi yawa kankaren ya ƙi kamawa sam. Shi ya sa buhun sukari ba abin auna yashi ba ne.

Gargaɗi biyu. Kada yaro ya tsoma hannu ko yatsa cikin kwaɓaɓɓen POP ya bar shi ya daskare, zafin da yake fitarwa yana ƙona fata kuma hannun ba ya fita. Ragowar kuma kada a zuba a kwata, a bari ya bushe a jefa a shara.

Mataki na biyar: komawa wurin kazar

Yanzu a juya gwajin. Maimakon a ƙara sinadarin mai rai, sai a cire ma'adinin a ga abin da ya rage. Ka sa ɗanyen ƙwai a kofi, ka rufe shi da ruwan khal, wanda ake sa wa salak. Kumfar da ke tashi iskar kabon ce. Bayan kwana biyu ɓawon ya tafi, ƙwan yana nan cikin fatarsa mai laushi, kuma a kan wannan fata ce kiristal na farko ya kafu a cikin kaza. Kusan kashi 95 cikin 100 na ɓawon ma'adini ne, ɗan ragowar nan shi ke riƙe da linzami.

Ka yi haka da guntun katantanwa, wadda ba ta wuya a wajen masu sayar da dodon koɗi a kasuwa, ko da wuri in akwai tsohon a gida. Sinadarinsu ɗaya da ɓawon ƙwai, amma jerin ƙwayoyin daban: na ƙwai ana ce masa kalsait, na katantanwa aragonait. A 1996 masu bincike a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, cikinsu har da Lia Addadi da Stephen Weiner, sun nuna cewa furotin da aka ciro daga sashen aragonait na ɓawon wasu dabbobin ruwa dangin dodon koɗi yana sa aragonait ya fito, wanda aka ciro daga sashen kalsait kuma ya ba da kalsait. Wato abin bai tsaya ga siffar waje ba, har tsarin ciki furotin ke zaɓa. Sashen nan mai walƙiya na cikin irin wannan ɓawo jere yake kamar bulo da kwaɓi, kaurin bulon kusan rabin maikuromita ne, wato rabin kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kwaɓin kuma furotin ne da dangoginsa. Tsaga in ta taso sai ta yi ta kewaye-kewaye tsakanin bulo har ƙarfinta ya ƙare.

Ƙashin cinyar kaza ya fi kowanne burge yara. Ɗaya a jiƙa a khal mako guda, ana sauya ruwan duk kwana biyu. Zai lanƙwasu kamar roba, don ma'adinin ya narke, kolajin, wato furotin ɗin da ke cikin ƙashi, ya rage. Ɗayan a gasa shi a garwashin kurfoti har ya yi fari. Siffarsa tana nan, amma da ka matsa sai ya ruguje, don kolajin ne ya ƙone. A ajiye su gefe da gefe da ƙashi na uku da ba a taɓa ba.

Wani uba da ya zo ganin aikin yaran ya ji zancen sitirik, sai ya tambaye ni ko lemun tsami na narkar da tsakuwar ƙoda. Yawancin tsakuwar ƙoda kalsiyam okzalet ce, kuma gaskiya ne sitiret, wato sitirik ɗin da ke cikin fitsari, yana kama kalsiyam yana kuma hana ƙwayoyin girma, shi ya sa likitoci kan rubuta fotasiyam sitiret ga wasu masu wannan ciwo. Amma hana sabuwa girma daban, narkar da wadda ta riga ta zauna daban. Na ce masa, "Alhaji, wanda ke fitsarin jini ko ciwon kwiɓi, asibitin Komfo Anokye zai nufa a yi masa hoto, lemun ya biyo baya in likita ya yarda."

Ajiya

Ƙwayoyin gishirin, musamman na kofi na uku da na huɗu, ba za su kai Afrilu a fili ba. Ragowar yuriyar da ke jikinsu tana jan laima, kusurwoyin su narke su koma kamar tsakuwar rafi. A goge su sosai, a sa kowane rukuni a kwalbar magani mai murfi da ƙunshin silika ɗaya, a rubuta giram nawa na yuriya da ranar da aka ciro. Kafin a rufe a ɗauki hotonsu kan baƙin ƙyalle, da rula a gefe, fitilar waya kuma ta hasko daga gefe ɗaya don fuskokin alwatika su yi ƙyalli. Kofunan da suka sha taki a ware su da alama, kada su koma kicin.